TAKALMIN BIRKI, FAIFAI DA HUHUN ƊAN ADAM: DARASI DAGA WANI GAREJI A HOTORO

Gabatarwa

Wata ranar Asabar cikin hunturu na kai motata wani gareji a Hotoro, kusa da hanyar Maiduguri, domin ta soma wani siririn kuka duk sa'ad da na taka birki. Bakaniken ya sa yaransa suka ɗaga ta da jak, suka kwance tayar gaba. Ya leƙa, ya shafa faifan da yatsa, sa'an nan ya ɗago kai ya ce, "Malam, takalman sun cinye, saura ƙiris ƙarfe ya fara cin ƙarfe. Wanne za a sayo, mai kyau ko mai sauƙi?"

Ban kai ga amsawa ba sai na ga wani yaro, wanda bai wuce shekara 14 ba, ya durƙusa gaban tayar, ya kumbura kumatu ya hura baƙar ƙurar da ta taru a wurin. Ƙurar ta tashi ta lulluɓe masa fuska. Ya yi tari sau biyu, ya goge hanci da bayan hannu, ya ci gaba da aikinsa.

Ni malamin ilimin halittu ne, sana'ata ba ta shafi injin mota ba. Amma a wannan rana na ga cewa tambayar bakaniken da tarin yaron magana ɗaya ce. Abin da mai mota ya zaɓa a kasuwa shi ne zai tsayar da motarsa a kan titi, kuma shi ne zai zama ƙurar da wani zai shaƙa. Wannan darasi zai bi al'amarin daga ƙafar direba har zuwa cikin huhu, sa'an nan ya nuna yadda ake yin zaɓi bisa ilimi.

Yadda birki yake aiki

Idan direba ya taka birki, ƙafarsa tana tura wani ɗan fistan da ke cikin bututu cike da man birki. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, saboda haka matsin yana bi ta siraran bututai ya isa tayoyi huɗu nan take. Wannan ƙa'ida ce da masanin nan na Faransa, Blaise Pascal, wanda ya rayu daga 1623 zuwa 1662, ya bayyana: matsin da aka yi wa ruwa a rufaffen wuri yana watsuwa daidai zuwa kowane sashe nasa. Tun da fistan ɗin da ke wajen taya ya fi na wajen ƙafa faɗi, ƙarfin da ke fitowa ya ninka wanda aka sa.

A wajen taya akwai wani faifan ƙarfe da ke juyawa tare da ita. An ɗora masa wani maƙalli mai aiki kamar awartakin maƙeri, wanda kanikawa suke kira kalifa, a cikinsa kuma akwai takalman birki guda biyu, ɗaya ta kowane gefe. Idan matsi ya iso, takalman su damƙe faifan. Gogayyar da ke tsakaninsu ita take rage gudu. Ƙananan motoci da yawa suna da wani tsari dabam a tayoyin baya, inda takalma masu lanƙwasa suke tokare cikin wata gangar ƙarfe. Manyan motoci kuwa, irin tankokin da ke jeruwa a ma'ajiyar man fetur ta Hotoro da tirelolin da ke kai kaya masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai, galibi iska mai matsi suke amfani da ita a madadin mai. Duk da haka ƙa'idar ɗaya ce: gogayya.

Ina ƙarfin gudu yake tafiya?

Ɗalibin kimiyya ya san makamashi ba ya ɓacewa, sai dai ya sauya kama. Makamashin motsi ana samunsa ne idan aka ɗauki rabin nauyin abu aka ninka da saurinsa sau biyu a jere. Mu ɗauki mota mai nauyin kilogiram 1,200 tana gudun kilomita 100 a awa, wato kimanin mita 28 a daƙiƙa. Makamashinta ya kai jul 460,000 da 'yan kai. Wannan ya isa ya ɗauki ruwa kusan lita ɗaya da rabi daga sanyin randa ya kai shi ga tafasa. Idan motar ta tsaya, duk wannan makamashi ya koma zafi cikin 'yan daƙiƙu, kuma mafi yawansa faifan tayoyin gaba ne suke shanye shi, domin nauyin mota gaba yake rinjaya a lokacin tsayawa.

A lura da abu guda a lissafin. Tun da sauri sau biyu yake shiga, idan aka ninka gudu sau 2, makamashi ya ninku sau 4. A kan busasshiyar kwalta, mota mai lafiyayyen birki da tayoyi tana bukatar kimanin mita 14 ta tsaya daga gudun kilomita 50, amma daga gudun kilomita 100 sai ta ci kimanin mita 55. A ƙara da mita 28 da za ta shafe cikin daƙiƙa ɗayan da direba yake ɗauka kafin ƙafarsa ta isa birki. Idan kuma ƙarfin tsayarwa ya ragu da kashi 30 cikin 100 saboda rashin ingancin takalmi, mita 55 ɗin nan ta koma kusan 79. Bambancin ya kai tsawon ƙananan motoci biyar. A bakin makaranta ko kasuwa, wannan tazara ita ce tsakanin tsoro da makoki.

Idan zafi ya yi yawa, ƙaron da ya haɗe sinadaran takalmi yakan soma ƙonewa, fuskar takalmin ta yi santsi, direba ya taka amma motar ta ƙi tsayawa yadda ta saba. Shi ya sa ingancin takalmi ba a sanin sa sai ya yi zafi.

Da me ake yin takalmin birki?

A farkon zamanin mota da katako da fata ake yin birki, sai su ƙone. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Herbert Frood, wanda ya kafa kamfanin Ferodo a 1897, ya fara da auduga da aka jiƙa da ƙaro, daga baya a 1908 ya shigo da asbestos. Birki mai faifai kuwa Frederick Lanchester ne ya yi rajistarsa a Ingila a 1902, amma bai yaɗu ba sai bayan da motar Jaguar ta ci tseren Le Mans a Faransa da shi a 1953.

Asbestos dutse ne da ake haƙowa daga ƙasa, amma yana warwarewa zare-zare kamar auduga. Ba ya kama wuta, ba ya ruɓewa, ga araha. Don haka ya mamaye sana'ar birki shekaru masu yawa, kamar yadda ya shiga kwanon rufi da silin da bututun ruwa. Waɗannan siffofi da suka sa masana'antu suka so shi, su ne suka mai da shi abokin gaban huhu.

A yau takalman da ba su da asbestos iri uku ne. Na farko ana haɗa shi da zaren gilashi da roba da gawayi da ƙaro; ba shi da ƙara, ba ya cin faifai, amma yana saurin ƙarewa kuma bai cika jure zafi ba. Na biyu yana ɗauke da garin ƙarfe mai yawa. Yana jure zafi da nauyi, sai dai yakan yi ƙara kuma ya fi cin faifai. Na uku ana yin sa da sinadaran tangaram; ƙurarsa kaɗan ce, yana daɗewa, amma ya fi tsada. Masu bincike a jami'o'in Nijeriya sun gwada yin takalmin birki da ɓawon ƙwarar manja da ɓawon ayaba da tukar rake, domin neman abin da zai maye gurbin asbestos daga cikin gida. Wannan fage ne a buɗe ga ɗalibanmu.

Tafiyar ƙura a cikin huhu

Yanzu mu koma ga yaron nan. Allah ya yi wa hanyar numfashi masu gadi hawa-hawa. Gashin hanci yana tare manyan ƙwayoyin ƙura. Maƙogwaro da rassansa suna lulluɓe da majina mai danƙo, a ƙarƙashinta kuma akwai wasu siraran gasu da ido ba ya gani, waɗanda suke kaɗawa dare da rana suna turo majinar sama, mu haɗiye ko mu tofar. A can ƙarshen rassan akwai ƙananan jakunkunan iska, miliyan 300 zuwa 500, inda iskar oksijin take ratsa siririn bango ta shiga jini. A nan babu gashi, babu majina. Masu gadin wurin wasu ƙwayoyin halitta ne na rundunar fararen ƙwayoyin jini, waɗanda aikinsu shi ne su haɗiye baƙon abu su narkar da shi.

Zaren asbestos ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Kaurin gashi yakan kai maikuromita 50 zuwa 100, maikuromita kuwa kashi ɗaya ne cikin 1,000 na milimita. Zaren da kaurinsa bai kai maikuromita 3 ba yana iya sulalewa ya wuce dukkan masu gadi ya isa jakunkunan iska. Ƙwayar da ke gadi ta zo ta haɗiye shi, sai ta tarar ya fi ta tsawo, kuma ba ya narkewa. Ta mutu tana zubar da sinadaran da ta tanada domin kashe ƙwayoyin cuta, wasu su zo su ma su kasa. Wannan yaƙi marar ƙarewa yana jawo kumburi, kumburin ya bar tabo, tabon ya sa huhu ya yi tauri ya kasa buɗewa. Mutum ya soma haki ko da ɗan tattaki ya yi.

Ban da wannan taurin huhu, asbestos yana haddasa sankarar huhu, da wata sankara ta tantanin da ya naɗe huhu. Likitan Ingila Richard Doll ya nuna alaƙarsa da sankarar huhu a 1955, kuma a 1960 J. C. Wagner da abokan aikinsa suka nuna alaƙarsa da sankarar tantani a yankin mahaƙan asbestos na Afirka ta Kudu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane fiye da 200,000 suke mutuwa kowace shekara saboda shaƙar asbestos a wurin aiki. Wanda ya haɗa shi da shan taba, haɗarin sankarar huhunsa ya ƙara ninkuwa, domin hayaƙin taba yana kashe gasun da ke share hanyar iska. Ingila ta haramta shi gaba ɗaya a 1999, Tarayyar Turai a 2005, Amurka kuma ta kafa dokar hana nau'in da ya rage a 2024. Amma har yanzu ana haƙarsa a ƙasashe irin su Rasha da Kazakistan, saboda haka takalmin da ba a san asalinsa ba yana iya ɗauke da shi.

Gaskiya ne cewa zafin birki yana sauya kamar mafi yawan zaren, amma ba dukansa ba. Kuma idan aka goga sabon takalmi da zarto ko a kan dutsen wuta domin ya shiga mazauninsa, kamar yadda akan yi a garejinmu, zaren yana tashi da cikakkiyar siffarsa.

Da na yi wa bakaniken wannan bayani, sai ya yi dariya ya ce, "Malam, shekara ashirin ina hurawa, ga ni garau." Na ce masa a nan haɗarin yake. Cutar asbestos takan ɗauki shekara 20 zuwa 40 kafin ta bayyana. Yaron da ya shaƙa yana ɗan shekara 14 zai iya soma haki yana magidanci, a lokacin da ba wanda zai tuna da gareji.

Ƙurar birki ba ta tsaya ga huhu ba. Tana zuba a kan titi, ruwan sama ya kwashe ta zuwa magudana, daga nan zuwa rafuka irin su Jakara da kogin Challawa, waɗanda dama suna fama da dagwalon masana'antu. Wasu takalman suna ɗauke da tagulla, ita kuwa tana lalata ƙarfin sansanar kifi, wanda da shi yake gane abinci da maƙiyi. Saboda haka ne jihohin Washinton da Kalifoniya na Amurka suka kafa doka a 2010 ta rage tagulla a takalmin birki. A 2024 kuma Tarayyar Turai ta amince da dokar da ta sa wa ƙurar birki iyaka, kamar yadda aka sa wa hayaƙin salansa.

Yadda ake zaɓen takalmi

Wanda zai shiga Kasuwar Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari neman kayan gyara, ya kiyaye waɗannan abubuwa.

Na ɗaya, lokacin canji. Sabon takalmi yakan kai kaurin milimita 10 zuwa 12. Idan ya sauko zuwa milimita 3, a canja shi. Siririn kukan da na ji a motata da gangan aka tsara shi: wani ɗan harshen ƙarfe ne yake taɓa faifai domin ya yi wa direba gargaɗi. Idan kukan ya koma gurnani, ƙarfe ya fara cin ƙarfe.

Na biyu, daidaito. A tafi da sunan mota da shekarar ƙirarta da lambar shasinta, in da hali har da tsohon takalmin. Takalmin da sai an goga shi kafin ya shiga, ba na motar ba ne.

Na uku, aikin motar. Motar gida mai zirga-zirga cikin gari, iri na farko ko na tangaram ya ishe ta. Motar haya mai ɗaukar fasinja da kaya zuwa Maiduguri ko Jos ta fi bukatar mai garin ƙarfe, saboda jure zafi.

Na huɗu, alamomi. A duba sunan kamfani da adireshinsa, da rubutun da ke nuna babu asbestos. Takalman da aka gwada bisa ƙa'idar Turai suna ɗauke da harafin E da lamba a cikin da'ira, tare da 90R. Ma'anarsa ƙarfinsu bai kauce wa na asali da fiye da kashi 15 cikin 100 ba. A gefen wasu kuma akwai haruffa biyu kamar EE ko FF ko GG. Na farko yana nuna ƙarfin gogayya a sanyi, na biyu a zafi. Harafin E yana nufin 0.25 zuwa 0.35, F kuwa 0.35 zuwa 0.45, G kuma 0.45 zuwa 0.55. Takalmi mai FE, alal misali, yana rage ƙarfi idan ya yi zafi. A Nijeriya hukumar SON ce take kula da ingancin kayan da ake shigowa da su. Sai dai masu jabu su ma sun iya buga tambari, don haka a sayi kaya wurin wanda aka sani, wanda zai ba da rasit. Farashin da ya faɗi ƙasa ƙwarai abin tuhuma ne. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Na biyar, kada a sayi takalmin da aka ciro daga wata mota, kuma a canja na hagu da na dama tare. Idan gefe ɗaya ya fi kamawa, motar za ta fizge zuwa wannan gefe.

Faifai da man birki

Faifai da narkakken baƙin ƙarfe ake zuba shi, shi ma yana cinyewa a hankali. Kowane faifai an buga masa iyakar kaurinsa a jiki, galibi bayan haruffan MIN TH. A auna shi da ma'auni, kada a dogara da ido. Dalili a fili yake ga wanda ya bi lissafinmu na baya: ƙaramar tukunya ta fi babba saurin zafi a kan wuta ɗaya. Faifan da ya sirance ba ya iya shanye zafin, sai ya tsage ko ya gurgunta takalmi. Idan sitiyari yana rawa lokacin taka birki, kaurin faifan ya daina zama daidai a kewayensa. Ana iya sassabe fuskarsa a inji muddin ba zai sauka ƙasa da iyakar ba. In zai sauka, ko in ya tsage, a canja guda biyun tare. Kada kuma a watsa wa faifai ruwa yana da zafi.

Man birki yana tsotsar laima daga iska. Sabon mai na DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Salshiyas, na DOT 4 kuwa 230, amma idan suka sha ruwa sai su sauko zuwa wajen 140 da 155. Idan mai ya tafasa ya zama tururi, tururi kuwa yana matsuwa, sai feda ta nutse har ƙasa ba tare da mota ta tsaya ba. Kamfanoni da yawa suna ba da shawarar canja shi duk shekara biyu. A yi amfani da irin da aka rubuta a murfin tankinsa.

Bayan an gama gyara, a tattaka feda har ta yi tauri kafin a motsa mota. Sa'an nan a yi ta tsayawa a hankali sau da yawa daga matsakaicin gudu, domin fuskokin takalmi da faifai su saba da juna.

Kariya a gareji

Kada a hura ƙurar birki da baki ko da injin iska. A jiƙa ta da ruwa mai sabulu, a goge da jiƙaƙƙen tsumma, a ƙulle tsumman a leda. Kada a goga takalmi a busasshe. A sa takunkumi mai tace ƙananan ƙwayoyi, domin ƙyalle ba ya tare zaren asbestos. A wanke hannu kafin cin abinci, kuma kada a kai kayan aiki gida a kakkaɓe su kusa da yara. 

Gwaji a cikin aji

Malami zai iya nuna waɗannan ƙa'idoji da kayan da ke hannu. A haɗa sirinji ƙarami da babba da siririn tiyo, a cika su da ruwa, ɗalibai biyu su tura su ga wanda zai rinjaya. Sa'an nan a bar ɗan kumfar iska a ciki a sake gwadawa. A kifa keke a juya tayarsa da ƙarfi, a kama birki sau goma a jere, a taɓa bakin ƙarfen tayar a ji ɗuminsa. A ɗora tsohon takalmin birki da aka wanke da ruwa a kan farantin ƙarfe, a riƙa ɗaga gefe ɗaya har ya soma zamewa. Idan aka raba tsayin da aka ɗaga da tsawon gindin, an sami ma'aunin gogayya. A shafa ɗigon mai a sake aunawa.

Kammalawa

A ranar nan na sayi takalmi mai suna da alamar gwaji, aka auna faifaina aka tarar da sauran kauri. Kafin in tafi na roƙi bakaniken ya ajiye bokitin ruwa da tsumma kusa da yaransa. Da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla suna da uba ko wa ko ƙane a gareji, wasu ma can suke zuwa bayan an tashi makaranta. Ku kai musu wannan bayani da ladabi, domin rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Idan mota mai nauyin kilogiram 1,000 ta ƙara gudu daga kilomita 40 zuwa 120 a awa, sau nawa makamashin motsinta ya ninku?
2. Me ya sa kumfar iska a cikin bututun birki take da haɗari?
3. Lissafa matakan kariya guda uku na hanyar numfashi, ka bayyana yadda zaren asbestos yake tsallake su.
4. Tsakanin takalmi mai FF da mai FE, wanne ya fi dacewa da motar haya mai doguwar tafiya? Kawo dalili.